Lanzhi, Uwar Aron Amare

A ƙauyenmu na 'yan ƙabilar Tujia, can saman duwatsu, amarya kan fara kukan aure wata guda kafin a kai ta. Waƙa ce ake rerawa da hawaye: ta yi wa uwarta, uwar ta amsa, ta yi wa 'yan'uwa, ta zagi mai dalilin aure son ranta. Peng Lanzhi ba ta sami mai amsa mata ba. Uwarta ta rasu tana goye, matar baffanta da ta riƙe ta kuwa ta ce ba ta da hawayen zubar wa 'yar wata. Lanzhi ta zauna bakin gado ta rera baitin uwa, ɗaki ya yi tsit. Ta sake, shiru. Sai ido ya bushe, aka ɗauke ta a haka.

Mata ba su manta ba. In ta sauko rafi sai a ce, "Ga Busasshiya nan, ku ɗiba da sauri kafin ta ƙafar mana da ruwan." Da ɗanta na fari ya zo babu rai, uwar mijinta ta ce, "Kukan da ba a yi ranar aure ba ai yana jira a gaba." Ba ta sake haihuwa ba. Mijin ya mutu a ramin kwal, ta ci gaba da noman masara da kiwon alade ita kaɗai.

Ni ma marainiya ce. Da aurena ya matso ina zaune ina kokawa da baitin uwa, sai ga Lanzhi da taɓon gona a ƙafa.

"Wa zai amsa miki?" in ji ta.

"Babu kowa, Gwaggo."

"To matsa. Ki daina min wannan kukan akuya, buɗe maƙogwaro."

Na rera, ta amsa a matsayin uwa: wai ta raine ni kamar kabewa a kan danga, yau baƙo ya zo da kwando. Hawaye ya jiƙa mata gaban riga. Mata suka cika tsakar gida, wadda ta fi tsokanarta ta ce, "Ashe rijiyar da ruwa."

"Ke dai share majinarki," in ji Lanzhi.

Tun daga nan duk marainiyar da za a aurar, ita ake aika wa. Ta haye duwatsu da sanda, ta yi wata guda tana kuka a gidan mutane, ta dawo da tsokar nama mai kyafi. Amaren kan tafi gidajensu, ba kasafai suke waiwayarta ba. Idanunta suka yi ta dushewa har ta koma lalube.

Daga baya yara suka watse masana'antun birni, aure ya koma can. Wata shekara jikar maƙwabcinta, ita ma babu uwa, ta zo yin biki a gida. Ba a kira Lanzhi ba, amma ta lalubo ƙofa ta zauna ta fara rera kukan. Ƙawayen amarya suka ɗaga wayoyi suna ƙunshe dariya.

"Kaka, don Allah ki bari," in ji amarya. "Kwalliyata za ta ɓaci."

"Bai ma kai rabi ba, 'yata."

Uban yarinyar ya kama hannunta a hankali. "Gwaggo, mota na jira. Zo ki ci abinci."

Ba ta ci ba. Ni na raka ta gida.

Da sanyin shekarar ya shigo sai na lura hayaƙi ya daina tashi daga rufinta. Na same ta a gefen murhu, ta riga ta sandare. Mu gawa da ganga da rawa muke raka ta, amma mazan da suka rage duk tsofaffi ne, gwiwa ta hana su, rawar ba ta yi nisa ba. Na aika wa amarenta, biyu suka zo. Aladenta aka sayar aka yi akwati, muka binne ta a bakin gonarta. Gonar ba mai nomawa yanzu, gora ta cinye ta.