Zuwana Bauchi don in kama Bitrus da laifi

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da direban ofis, raina a ɓace. Kamfaninmu na raba magani ne. Mako uku ke nan manhajar rahoton da manya suke dubawa a intanet ta kasa ɗauko komai daga babbar kwamfutar reshenmu na Bauchi. Kullum ta je sai a ce ba a san ta ba, a koro ta. Oga ya ce in gyara, in kuma rubuto sunan mai laifi, don wannan karon sai wani ya bar aiki. Ni kuwa tun kafin Wudil na gama zaɓar sunan: Bitrus, mai kula da kwamfutar can. Shekara biyu ba ma magana, tun da aka ƙara masa girma aka tsallake ni don ba ni da digiri.

Hanyar Birnin Kudu zuwa Ningi ba sai na faɗa muku ba. Direba ya san kowane rami da sunansa, amma bai hana shi faɗawa ciki ba. Da hantsi muka shiga Bauchi, muka tsaya Wunti cin masa. Masar ta rame, kuɗinta ya yi ƙiba.

Ofishin yana wajen Ƙofar Ran. Na tarar da kujerar Bitrus ba kowa, na ce a raina ya ji zuwana ya gudu. Ban tambaya ba. Na duba wayoyi, lafiya. Intanet lafiya, agogon kwamfuta daidai. Sai na buɗe inda take ajiye labarin masu neman shiga. Kowace safiya suna ɗaya ne, na Bitrus, amsar kuma ɗaya ce: an rufe wannan suna.

Nan na tuna. Lokacin da muka haɗa abin nan, ni da shi, ya kamata a buɗe wa manhajar sunanta daban. Amma kafin a buɗe sai takarda ta bi tebur biyar a Kano. Ni na ce masa, kai sa naka kawai mu tafi cin abinci. Ya sa sunansa da kalmar sirrinsa, muka manta.

Na leƙa wurin manajar reshe na ce, "Hajiya, wa ya rufe sunan Bitrus?"

Ta ce, "Malam, ba ka ji ba? Ai mun kai shi garinsu Bogoro an binne, mako uku ke nan. Kano suka rufe sunan."

Wai an turo sanarwa. Ni saƙonninsu na dogon Turanci ba buɗewa nake ba.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Na kira Kano suka buɗe sabon suna, na goge na Bitrus da hannuna, rahoto ya tafi. Ba wanda ya ce sannu.

Daga nan muka je gidan Bitrus a Fadaman Mada gaisuwa. Matarsa ta ba ni ruwa ta ce, "Malam, kai ne na Kano? Yana asibiti yana ce wa 'yan ofis, in kwamfuta ta ƙi a kira ka, kai kaɗai ka san halinta." Na kasa shan ruwan.

A hanyar dawowa takardar da zan rubuta wa oga sunan mai laifi tana kan cinyata. Matacce ba a korarsa, in na sa sunansa ba abin da zai rasa, ni kuma in tsira da abincin 'ya'yana. Har Ningi ina wannan tunanin. A Birnin Kudu na ce direba ya tsaya, na rubuta nawa.

Da magariba na iso gida, maiɗakina ta tambayi tsaraba, ba ko ɗaya. Abin da na koyo kaɗan ne. Kada ka rataya aikin kamfani a sunan mutum, mutum mutuwa yake. Gaba kuma, in za ka yi ta, riƙa tambaya ko abokin gabar yana da rai. Litinin zan ji abin da oga ya yanke.