Injin da ke Bakin Taga

Ni ɗan Gadarif ne, jikan mutanen da suka taso aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a nan. Ina da shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, kuma kafin wannan abu ko allurar wani ban taɓa riƙewa ba. Amanar ce ma ta sa aka zaɓe ni.

Bayan yaƙi ya koro mutanen Khartoum da Jazira, wata ƙungiya ta shirya gasa ga masu rubuta manhajar da ke buga shataranji, darar nan mai sarki da doki. Manhajojin ne ke karawa da juna a injinan shagona, ni kuma in fitar da jadawalin ƙarfinsu duk Alhamis. Wanda ya ƙare a sama, aiki da gidan zama ke jiransa. Ƙa'ida biyu aka ba ni: injinan su zama ƙarfi ɗaya, kuma kowane wasa a buga shi sau biyu, mai farare ya koma baƙaƙe, domin mai farare ke fara tafiya.

Ustaz Bashir ne ke sama, malamin lissafi daga Madani, yana kwana da iyalinsa a ajin wata makaranta. Mai bi masa ɗan wani attajirin riɗi ne.

Wata Juma'a attajirin ya zo shagona da galan na man riɗi. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, a duba mana ɗan naka." Na karɓa, kuma in baki ya ci, ido ke jin kunya. Makon nan na bar wa ɗansa farare, na tsallake wasan ramuwa. Na ce sau ɗaya ne. Ina! Da buhun dawa ya biyo baya, sai na mayar da manhajar Ustaz kan tsohon injin da ke bakin taga, wanda da rana ta take sai ya yi zafi ya riƙa tunani kamar jaki da kaya.

Ustaz ya sauka na biyu, ya sauka na huɗu. Ya zo min da shayi a hannu, ya ce, "Ɗan'uwa, ina kuskurena yake? Na duba har idona ya gaji." Na sha shayinsa, na ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Ustaz, jadawali ba ya ƙarya." Wallahi har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ɗan attajiri ya ci gasa. Daga baya wata ma'aikaciyar ƙungiyar ta nemi bayanan wasannin. Na ƙirƙiro na ƙarya, na sa hannu, ta gano. A kotu attajirin ya ce bai taɓa ganina ba. Na yi damina da rani a gidan yari.

Da na fito na nemi Ustaz, aka ce yana garin Doka yana yankan dawa a gonar wani. Na same shi da lauje, na durƙusa na faɗa masa komai. Na ce ƙungiya na nemansa a sake gasar. Sai ya ce, "Ranar da jadawalinka na ƙarshe ya fito na goge manhajar, na sayar da kwamfutar. Na ce tunda kai ka auna, to ni ne ban iya ba." Ya ce ya yafe, ya koma kan aikinsa.

Na tuba, ina roƙon Allah gafara. Ku yara masu tasowa, in aka ba ku ma'auni, ku ji tsoron Allah, ku mayar da galan na farko tun daga bakin ƙofa. Ni ina cewa gida da aiki kawai na sace wa Ustaz. Ashe har yardar da ya yi wa kansa na haɗa na ɗauke, kuma ita ban san inda zan samo ta in mayar masa ba.