Ƙafar Mijin Mai Kifi

A Samaru na koyi iyo, a dam ɗin da ke bayan jami'a, inda babanmu yake aikin gadi. Tun ina firamare babu mai kamo ni a ruwa cikin sa'annina. Nakan nutse a wannan gaɓar in ɓullo kusa da masu fatsa, su zage ni don na kore musu kifi, in yi dariya in koma. Ban san tsoron ruwa ba sai da na fara raka Inna kasuwar Sabon Gari.

Akwai wata mata 'yar kudu da Inna take sayen busasshen kifi a wajenta, Mama muke ce mata. Mijinta kullum yana zaune a kan benci a bayan rumfar. Ƙafarsa ta hagu a gwiwa ta tsaya, yakan naɗe wandon ya kama da fil. Ranar da ya lura na zuba masa ido, sai ya yafito ni.

"An ce kai ne gwanin iyo," in ji shi. "Dam ai bahon wanka ne. Ka taɓa jin kifin da ake kira shak?"

Na ce a'a, Baba. Ya ce a teku yake, ya fi kwalekwale tsawo, haƙoransa jere kamar na zarto. Wai yana saurayi ya faɗa ruwa zai kwance taru, bai ma ji zafi ba, kawai ya ji an fizge shi ƙasa, da aka tsamo shi ruwan ya yi jajir. Ya zare fil ɗin, ya kama hannuna ya ɗora a kan dungulmin. Fatar sumul take, mai sanyi.

Duk zuwan da muka yi sai ya ƙara wani abu a labarin. Na san sarai babu shak a Samaru, amma daga lokacin, da ciyawa ta shafi ƙafata a cikin ruwa sai gabana ya yanke ya faɗi. Ban gaya wa kowa ba. Ina ganin ƙuruciya ce, za ta wuce.

Bayan na gama sakandare wani malamin wasanni ya ga iyona, ya haɗa ni da wani kamfani a Legas da ke koya wa matasa aikin nutso, masu gyaran jiragen ruwa ta ƙasa. Mu biyu aka kira daga Samaru, ni da wani abokina ɗan Bomo wanda ni na koya masa riƙe numfashi. Babanmu ba mai yawan magana ba ne, amma sai da duk masu gadin ƙofar jami'ar suka ji labari. Inna ta yi mini dambun nama.

A tafkin gwaji ni na zo na ɗaya. Sai aka ɗauke mu a jirgi zuwa cikin teku. Ruwan baƙi ne, ba a ganin komai a ƙasa. Abokina ya yi bisimilla ya faɗa. Ni kuwa na tsaya a bakin jirgin, ƙafata ta hagu ta mutu murus.

"Me kake jira?" in ji mai koyar da mu.

Na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ce tun da ya fara aiki a wajen bai taɓa ganin shak ko ɗaya ba, ya ce zai shiga tare da ni. Ya shiga, ya miƙo mini hannu. Na kasa. Sun yi haƙuri da ni, sun sake gwada ni, amma a ƙarshe motar komawa gida suka sa ni.

Babanmu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ɗauki tocilarsa ya tafi aiki. Na koma tuƙin keke napep tsakanin Samaru da Sabon Gari, har yau shi nake yi. Abokina ya daɗe da gina wa iyayensa gida. Idan ya zo hutu yakan neme ni, ni ne nake zillewa.

Bayan shekaru sun ja na ji mijin Mama ya rasu, na je rumfar gaisuwa. Cikin hira na ce, "Mutumin da ya tsira daga bakin shak, ga shi a kan gadonsa ya cika."

Ta dube ni, ta yi wata gajeriyar dariya tana share ido da bakin zane.

"Ɗana, har yanzu kana riƙe da wannan? A nan Sabon Gari aka haife shi, bai taɓa ganin teku ba. Babbar mota ce ta taka shi yana dako a tasha. Kallon da yara suke masa ne ya dame shi, sai ya ga gara ku ji tsoron kifi da ku ji tausayinsa."

Na rasa wa zan riƙe da laifi. Mutumin yana kabari, kuma ba da mugunta ya yi ba. Matarsa ba ta ma san na taɓa zuwa Legas ba, ni ma ban gaya mata ba. Na yi mata addu'ar haƙuri, ta ƙulle mini kifi a leda in kai wa Inna. A bakin titi wasu ɗalibai suka tsayar da ni, suka ce Samaru, na ce su shigo.