Giwan ruwa ya hana Amina cin miya

Na aje tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa, sai ɗiyata Amina, 'yar aji biyu, ta ture kwanon miyar ta ce ba ta ci.

Yarinyar da ko kan kifi ba ta bari. Na taɓa goshinta, babu zazzaɓi.

Ta ce, "Inna, yau Malama ta gwada muna hoton giwa. Ta ce sun kusa ƙarewa, mutane na kashe su. Ga Baba kullum sai ya sawo ta ruwa kasuwar Yelwa."

Na ce, "Wannan kifi ne. Don girmansa aka ce masa giwa, suna ne kawai."

Sai ta ce, "In suna ne kawai, don mi kike cewa tunda Amina nike, dole in riƙe amana?"

Haka ta ci tuwonta gaya.

Iyaye, suna linzami ne ko ba linzami ba? Ku amsa da wuri, don gobe kifin nan ragon ruwa zan dafa.