Yakuwar Kan Iyaka

A gidanmu na Kademi, kakarmu Iya takan tara mu bakin murhu bayan magariba, tana tsinkar yakuwa a faifai tana ba mu tatsuniya. Daminar da nake tunawa, Baba da ƙanensa Baffa Sale sun yi wata biyu ko gaisawa ba sa yi, a kan iyakar gonar gado. Gida ɗaya, amma an raba tukunya. Wallahi abin ya ci mana rai, har wasa da 'ya'yan Baffa sai a ɓoye.

Ran nan Baba da Baffa suna tsakar gida, kowa da tabarmarsa, sai Iya ta ɗaga murya.

"Ku matso, ta yau ba Gizo a ciki."

Wai wa da ƙane ne aka shuka layin yakuwa tsakanin gonakinsu, shaidar iyaka, kamar yadda aka saba. Da ana zaman lafiya matansu tare suke tsinka, a yi fate, a yi miya da gyaɗa, a bar wasu gindi don zoɓo da daddawar batso. Sai rigima ta shiga. Wan ya ce wa matarsa, "Kika taɓa ganye ɗaya, zai ce mun ci iyaka." Ƙanen ma haka. Shekarar kuwa rumbu ya ƙare tun gero bai nuna ba. Yakuwa ta yi kore shar har ƙugu, gida biyu na kwana da yunwa, ba mai miƙa hannu. Nonon matar wan ya ƙafe, jaririyarta ta koma.

"Sai me, Iya?" na tambaya.

"Sai suka shirya a bakin kabari, maigidana. Ina amfani?"

Washegari Baffa ya saɓi fartanya ya bi bayan Baba, ba su sake raba hanya ba.

Na girma ina ɗauka ƙirƙira Iya ta yi don ta kunyata 'ya'yanta. Sai bayan rasuwarta, ranar sadakar ukunta, wata tsohuwar maƙwabciya ta gaya mini jaririyar nan 'yar farin Iya ce, wan kuma kakana. Kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunan 'yar, shi ya sa ta mai da ita tatsuniya. Na yi kuka sosai. Yau ni ma gona ta haɗa ni da ƙanena, in raina ya ɓaci ita nake tunawa. Duk shekarun da ta yi tana dafa mana miyar yakuwa, sai da ta rasu na lura ita gayan tuwo take ci.