Faɗa-wutar da Baba ya gani da idonsa

Ina tsugune ina saita kyamarar wayata sai na ji Baba ya riƙo kafaɗata.

Jiya na kai shi wata rumfar gilashi da aka kafa a wajen unguwar Zahir, inda ake nuna malam-buɗe-littafi kala-kala. Tun da yanar ido ta rage masa gani ya daina fita, daga gida sai masallacin unguwarmu a Ka'akiyya. Ƙananan ba ya ganinsu, sai in ɗauke su a waya in faɗaɗa masa hoton.

Can muka iso gaban wata faɗa-wuta manne da reshe. Wallahi ta fi tafin hannuna biyu faɗi, launin ƙasa-ƙasa da ja, ƙarshen kowane fiffike kamar kan maciji.

“Halas, ya isa haka, sauke wayar nan,” in ji Baba. “Wannan ina ganinta da idona.”

Ya matso har numfashinsa na taɓa ganyen reshen. Ya tambayi mai kula da wurin me take ci. Mutumin ya ce ba ta da baki, ba ta ci ba ta sha, kwanakinta kaɗan ne.

Baba ya ce, “Ikon Allah. To wa aka yi wa wannan adon haka?”

Na mayar da wayar aljihu. A mota ya ce in nemo masa likitan idon da ya daɗe yana ƙin gani.

Jama'a, da ku ya tambaya, me za ku ce masa?