Igiyar Kaba a Murhun Yaya

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa a ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Gagarawa ya shaida. In ka taka ni, kafin ka ɗaga ƙafa na zazzage maka kwandon masifa, kafin la'asar kuma na manta. Innarmu takan ce zuciyata wutar kara ce. Yayana kuwa mai sanyi ne, shi ke bin mutane da ban haƙuri a madadina. Tun da Baba ya rasu akushi ɗaya muke ci a zaure, ni da shi.

A shekarar da fari ya yi tsanani, farkon shekarun saba'in, wani Bafulatani maƙwabcinmu ya kora shanunsa kudu neman ciyawa, ya bar wa Yaya amanar rumbun geronsa. Da ya dawo shanun kusan duk sun mace, ragowar biyun ma ya karyar da su a kasuwar Maigatari. Ya buɗe rumbu, sai dammunan sama kawai, ƙasa wayam. Yaya ya ce gara ce, har da hawayensa. Ni ma, sakarai, na taya su jaje.

Mu da ɓawon kalgo muke ɗaure dami. Shi Bafulatanin da igiyar kaba yake ɗaure nasa, ya yi mata irin ƙullin da suke wa maruƙa. Wata safiya na shiga sashen Yaya ɗibar garwashi, sai ga igiyoyin nan jibge a gefen murhu, matarsa na hura wuta da su, ƙullin ko kwancewa ba a yi ba.

Na tsaya ina jiran fushi ya zo kamar kullum. Wallahi bai zo ba. Sai dai na zaga bayan danga na yi ta amai. Ashe watanni ke nan tuwon amanar mutum nake ci, har ina lashe yatsa.

Da magariba aka kawo akushi, na ga hannun Yaya cikin miya, sai na janye nawa. Na tashi.

Ya biyo ni ƙofar gida. "Ka gani ko?" in ji shi. "Yara ne, ba na iya jin kukansu. Zage ni mana. Mare ni in kana so, na yarda."

Da na iya, da na yi, da mun huta. Wanda kake fushi da shi matsawa kake kusa da shi, ka ci kwalarsa, ka ce sai ya gyara. Ni kuwa ƙyamarsa nake ji, ko warin zufarsa ba na so iska ta kawo mini.

Da kaka ta yi, Yaya ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya, ya mayar da gero har da ƙari. Bafulatanin ya yi faɗa, ya yi zagi da Fillanci da Hausa, sannan ya yafe. Ka ji fa, mai kaya ya yafe! Da suka sake samun saniya, har nono matarsa ta riƙa aiko wa Yaya. Ni da ba a ɗaukar mini ko zangarniya ba, ni ne na kasa. Inna ta yi magana, liman ya yi, nakan ce to, in zauna, hannuna ya ƙi shiga akushin.

Shekara huɗu muna haka, ciwon ciki ya kwantar da shi. Na shiga duba shi da hantsi, na tarar an dama masa fura. Ya kurɓa, ya miƙo mini ludayin.

"Sha, ƙanena."

Na karɓa. Kafin in ankara na goge bakin ludayin da gefen rigata. Ban yi niyya ba, Allah ne shaidata, hannuna ne ya yi. Ya gani. Ya juya fuskarsa bango.

Bayan kwana uku ya cika. Liman ya ce ɗan'uwa ne ya fi cancanta ya yi masa wanka, aka ba ni ruwa da ganyen magarya. Na wanke bakinsa, na wanke hannun nan yatsa bayan yatsa, ina jiran ƙyamar nan ta zo. Ko gezau. Na rungume shi ina ta kiran Yaya, Yaya, sai da aka ɓamɓare ni da ƙarfi.